Kiɗan da Muka Ajiye a Rubaɗi da Sunan Wa'azi

Ranar Talatar da ta wuce aka cika shekara ashirin da muka ɗauki yayana Haruna daga gidanmu na Ammariyya muka kai shi makwancinsa. Ya rasu a 1992 yana da shekara arba'in, bayan ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa a tsaye. Har yau idan sunansa ya faɗo a hira tsakanin mutanenmu na Jidda, abu ɗaya ake cewa, Allah ya jiƙan mai tara wa'azi. Ni kuma in ce amin, in sunkuyar da kai, a ɗauka kewa ce ta kama ni. Kewar tana nan, amma kunya ta fi ta yawa, domin Haruna bai taɓa tara wa'azi ba, kuma ni kaɗai na san haka. Na bar 'yarsa Safiya ta girma a kan labarin da na san ba gaskiya ba ne, ga shi bana ina neman rasa ta a dalilinsa. Don haka wannan waiwaye ba na yabo ba ne, na gyaran magana ne.

A Jidda aka haife mu. Kakanmu ne ya tako daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji, bai koma ba, mu kuma muka tashi da Hausa a gida, Larabci a titi, iƙama, wato katin izinin zama, a aljihu. Haruna ya girme ni da shekara biyu. A 1975 ya samu aiki a mina, wato tashar jiragen ruwa, lokacin da jirage ke jeruwa a teku mako da makonni suna jiran a sauke musu kaya. Aikinsa shi ne ya bi ƙaramin kwale-kwale ya kai wa jiragen takardu da abinci. Ni kuwa gyaran mukayyif na koya, na'urar sanyaya ɗaki, wadda a garin nan ta fi kujera muhimmanci. Ma'aikatan jiragen nan, Girkawa da Turkawa da Jamusawa da sauransu, zaman jira ya ishe su, ba abin da suke yi sai karta da sauraron fayafayan garmaho. A cikin ɗaya daga jiragen nan Haruna ya fara jin kiɗan da ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

Kiɗan rok ne mai nauyi, irin na farko-farko. Jita ce mai lantarki da aka ƙure wa murya har tana gurnani, ga ganguna kamar ana rushe gini, ga mawaƙi yana ihu kamar an take masa yatsa. Ranar da ya fara sa mini, na ce masa wannan ai injin mukayyif ne da ya kusa ƙonewa, ya kawo in duba. Ya ce kunnena na mai gyara ne, ba ya jin komai sai lalacewa. Mun yi shekara goma sha bakwai muna wannan gardama, ban taɓa yarda a gabansa cewa akwai guda biyu ko uku da nake so ba. Ina ma na yarda.

Abin da ya bambanta shi da sauran samarin da ke bin kiɗan Turawa shi ne ba ya son shahararru. Idan ma'aikacin jirgi ya miƙo masa faifai ya ce wannan ƙungiya duk duniya an san ta, sai ya mayar masa da kayansa. Shi waɗanda ba a sani ba yake nema. Samari huɗu a wani ƙaramin gari a Jamus ko Italiya ko Turkiyya, sun haɗa ɗan abin da ke aljihunsu sun buga faifai ɗaya tak, ba a saya ba, sun watse, wannan ya koma kanikanci, wancan ya shiga soja. Irin waɗannan yake musaya da dabino da turaren wuta da soyayyen kifi, wani lokaci har agogon hannunsa. Na taɓa tambayarsa me yake gani a kiɗan mutanen da ko a garinsu ba a saurare su ba. Ya ce, "Sule, waɗannan irinmu ne. Sun yi ihu iya ƙarfinsu, ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina." A lokacin dariya na yi masa, sai da na tsufa ina bin layin sabunta iƙama a garin da aka binne cibiyata na gane abin da yake nufi.

Matsalar ita ce ƙofar mina. Kwalayen fayafayan nan cike suke da zanen ƙoƙon kan mutum da wuta da halittu masu ƙaho da mata ba sutura. Ba mai wucewa da irin wannan a gaban jami'an kwastan, balle baƙin mutum da takardunsa ke hannun kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Sai Haruna ya samo dabara. A Bab Makka akwai shagunan da ke sayar wa alhazai fayafayan wa'azi da na koyar da aikin Hajji, kwalayensu da hoton hasumiya da rubutun Larabci. Sai ya sayi ɗaya, ya zare faifan ya naɗe a ƙyalle ya kai wa Inna, mahaifiyarmu, ya tafi jirgi da kwalin fanko. Can sai ya zura faifan kiɗan a ciki, ya yayyaga kwalinsa na asali ya watsa a teku. Takardar da ke manne a tsakiyar faifan kuma ya rufe ta da farar takarda, ya rubuta sunan da ya raɗa masa da ajami: Bajamushe Mai Mura, Kanikawa Huɗu, Ruwan Janairu. Jami'i ya ga hasumiya da rubutun Larabci sai ya ce masa ya wuce, har da sa albarka. Kwalayen karatun Alƙur'ani kam bai taɓa taɓawa ba, ya ce shaƙiyancinsa yana da iyaka.

Inna ba ta yi wauta ba da ta ɗauki abin yadda ta ɗauka. Duk wata ɗanta yana kawo mata sabon wa'azi, tana sa wa a garmaho tana tsince shinkafa. Ta leƙa ɗakinsa ta ga kwalaye masu hasumiya suna ta taruwa a ƙarƙashin mukayyif, wanda ba ya kashewa ko yana gida ko ba ya nan, don zafi na lanƙwasa faifai. Me za ta ce? Ta fara gaya wa maƙwabta cewa Haruna a wa'azi albashinsa ke ƙarewa. Shi kuma bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, sai ya sosa ƙeya ya fice. A shagona yake sauraro, da tsakar rana lokacin da titi ya watse kowa ya tafi hutawa. Mu sauke ƙofa rabi, in kunna wani tsohon mukayyif mai ƙara don ya rufe mana asiri, shi kuma ya zauna a kan bokiti, ido rufe, yana kaɗa kai. Da an kira la'asar sai ya ɗaga allura ya yi alwala. Ba mutumin banza ba ne, ina so a ji wannan da kyau. Mutum ne mai salla da zumunci wanda yake son wani irin kiɗa da bai samu wurin ajiye shi a gidansu ba.

Kwana uku kafin ya cika, a gadon asibiti, ya kama hannuna ya ce in kwashe fayafayan kafin Inna ta shiga ɗakin. Na ce masa ya daina irin wannan magana, shi zai kwashe kayansa da kansa. Bayan an binne shi na ce bari a yi sadakar uku tukuna, gida cike da mutane, ina zan bi da akwatuna huɗu? Wannan jinkirin shi ne laifina na farko, kuma duk sauran daga shi suka fito.

Ranar sadakar uku da hantsi Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ƙasa a ɗakin Haruna, ta jawo akwati ɗaya tana shafa kwalayen da tafin hannu. Kwana uku idonta bai bushe ba, ran nan ne na fara ganin fuskarta ta ɗan saki. Ta ce, "Sule, ɗana bai bar gida ba, bai bar mota ba, amma dubi abin da ya bari. Ka kai su rubaɗi, na ba da su waƙafi. Tsofaffi su riƙa ji, lada yana bin sa har kabari." Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Amma me zan ce wa uwar da ta samu abu ɗaya tak da za ta jingina da shi? In ce mata abin da take shafawa ihun wasu Turawa ne da aka saka wa rigar malamai? Na ce to, Inna. Da kafaɗata na ɗauki akwatunan nan na kai mota.

Ga wanda bai san Jidda ba, rubaɗi gida ne da masu hali ke bayarwa waƙafi don tsofaffin mata marasa kowa. Wanda muka kai kayan yana bayan Bab Makka, yawancin mazaunansa 'yan ƙasarmu ne da suka zo Hajji tun da ƙuruciya suka maƙale. Mai kula da su wata mace ce mai kaifin harshe da tsabtar zuciya, Khala Zainabu, khala kuwa 'yar'uwar uwa ke nan da Larabci. Abin da ya cece ni ran nan shi ne ba su da garmaho, zamani ya riga ya koma kaset. Khala Zainabu ta ce ba komai, ilimi ko ba a buɗe shi ba albarkarsa na cika ɗaki. Suka ɗora akwatunan a saman kabad a babban ɗakinsu, suka lulluɓe da koren ƙyalle. Duk Juma'a sai an turara su. Ba mai miƙe ƙafa ta wajen kabad ɗin, ko da gwiwa na ciwo. Kuma duk bayan sallar asuba sai sun ambaci sunan Haruna ɗan Hajiya a addu'a.

Daga nan na zama mai gyara musu mukayyif kyauta, duk bazara, ba fashi. Unguwa ta ɗauka da cewa Sule mutumin kirki ne. Gaskiyar ita ce gadi nake yi. Ina so ɗakin ya zauna da sanyi kada fayafayan yayana su lalace, kuma ina so in tabbatar ba wanda ya shigo da garmaho gidan. Sau ɗaya aka shigo da shi. Wani bawan Allah yana kwashe kayan mahaifinsa da ya rasu, ya kawo musu tsohon garmaho sadaka. Tsofaffi suka yi ta murna, Khala Zainabu ta aika a kira ni in haɗa musu, yau za a ji wa'azin Haruna. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙura bai yi ba. Na juya musu baya na zare allurar, na ce ya mutu kuma ba a samun kayan gyaransa. Na fito suna sa mini albarka don wahalar da na sha, allurar tana aljihuna tana sukar cinyata. Duk abin da na yi a rayuwata ba wanda ke tashe ni tsaye kamar wannan.

Safiya tana da shekara huɗu ubanta ya rasu. Uwarta ba ta da iƙama, an kama ta a wani samame tun yarinyar ba ta daɗe da yaye ba, aka mayar da ita Najeriya, ba ta sake samun dawowa ba. Inna ce ta rene ta, kuma da Haruna mai wa'azi ta rene ta. In ta yi dariya da ƙarfi, ubanki ba ya haka. In ta yi jinkirin salla, me ubanki zai ce? Duk sallar idi Inna takan kai ta rubaɗi ta nuna mata koren ƙyallen ta ce ga gadonki. Inna ta rasu a 2005 da wannan farin cikin a ranta, kuma ba na da-na-sanin barin ta da shi. Abin da ba ni da amsarsa shi ne shekara bakwai da suka biyo baya. Wadda nake tsoron karya wa zuciya ta tafi, me ya hana ni magana? Na saba da girman da ƙaryar ta ba ni, shi ke nan. Ƙanin mai wa'azi, mai yi wa tsofaffi hidima. Kujera ce mai daɗin zama.

Bana Safiya ta cika ashirin da huɗu, tana aiki a ofishin wata makarantar 'yan mata a Aziziyya. Hausarta ta ji ce fiye da ta faɗa, kamar yawancin 'ya'yanmu, rabin maganarta Larabci ne. Watanni biyu da suka wuce ta zo shagona da wani kwali a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta sayo sabon garmaho ta intanet, irin wanda ake jonawa da kwamfuta. Tana so kafin cikar shekara ashirin ta kwafe wa'azin babanta duka, ta zuba wa tsofaffin a waya, ladan da Inna ta yi niyya ya fara tafiya. Har ta yi magana da Khala Zainabu, an yarda ta ɗauki akwatunan aro. Ni kawai ake jira in kawo mota.

Na ce garmahon zamani ba ya karanta tsofaffin fayafayai, ta nuna mini takardarsa. Na ce ƙila zafi ya lalata su, ta ce ai kai ka hana su lalacewa, Ammi, wato Baffa da Larabci. Na ce to mu kawo su shago tukuna in goge su. A hanya na shirya magana sau uku, sau uku tana maƙalewa. Muka sauke akwatunan, ta yi bisimilla, ta zaro wani kwali mai hoton hasumiya da rubutun yadda ake ɗawafi. Ta ga farar takardar da ajamin babanta, ta sumbace ta, don ba ta iya karanta ajamin Hausa. Ni ina iya karantawa daga inda nake tsaye, Kanikawa Huɗu ne. Ina kallo ta ɗora allura.

Shekara ashirin ban ji wannan gurnanin ba. Ya cika shagon har ƙarafunan da ke rataye suna rawa. Safiya ta zabura ta ɗaga allurar, ta ɗauka na'urarta ce ta lalace. Ta sa wani, ta sa na uku. A na huɗu ta daina kallon garmahon ta juyo gare ni.

"Ammi, esh hada? Mene ne wannan?"

Na ce, "Babanki ne."

Na ba ta labarin daga mina har zuwa allurar da na zare. Na yi zaton kiɗan ne zai ƙona mata rai, na shirya kare Haruna, in ce mata yana salla, yana azumi. Ko ta kan wannan ba ta bi ba. Sai ta ce, "Ka tuna bandirina?"

Na tuna, ko da yake na daɗe da ture shi gefe. Tana da shekara tara, a bikin wata maƙwabciya, ta karɓi bandiri daga hannun mata masu waƙar biki ta buga ta rera, har shugabarsu ta biyo ta gida tana roƙon Inna a ba ta ita ta koya mata, ta ce irin wannan murya ba a samun ta kullum. Ta bar mata ƙaramin bandiri kyauta. Inna ta karɓe shi a gaban matar ta mayar mata, ta ce 'yar Haruna mai wa'azi ba za ta yi waƙa ba, kada a tashi ubanta a kabari.

Safiya ta ce, "Tun ranar ban sake rera ko baiti ɗaya ba, wallahi, ko a banɗaki. In waƙa ta zo bakina sai in ji kamar na ci amanarsa. Kai kuma kana zaune a wurin, Ammi. Kana shan shayi."

Ina zaune a wurin kuwa, ina shan shayi. Ta kira mota da kanta, ta kwashe akwatunan huɗu, ta hana ni taɓa ko ɗaya. A bakin ƙofa ta ce ita ba za ta yi wa tsofaffin ƙarya ba, kuma ba ita za ta gaya musu gaskiya ba, wanda ya kai kayan shi zai je. Halas, ta ce, wato magana ta ƙare, ta shiga mota.

Na je. Khala Zainabu ta tsufa sosai, idonta ya dushe, amma harshen yana nan. Na durƙusa a gabanta na faɗa, sauran tsofaffin suna kewaye. Wata daga cikinsu ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, tana cewa ashe ganga muka hana ƙafafunmu miƙewa dominta. Khala Zainabu ba ta yi dariya ba. Ta ce addu'ar da suka yi wa Haruna ba za su karɓe ta ba, ta riga ta isa inda za ta, kuma shi yaro ne ya yi ƙuruciyarsa ya tafi. "Amma kai, Sule, shekara ashirin kana shigowa kana cin albarkarmu, kana kallonmu muna turara kiɗa. Uwarka ba ta sani ba, kai ka sani." Ta ce mukayyif ɗinsu in ya lalace za su nemi wani. Ban yi musu ba, domin ba ta faɗi abin da ba haka ba.

Makonni suka wuce Safiya ba ta ɗaga wayata. Sai wata rana saƙonni suka fara shigowa daga gare ta, ba gaisuwa, sai hotuna da fassara. Ashe a jikin kowane faifai, a santsin da ke kusa da tsakiya, akwai wasu lambobi da aka karce tun a masana'anta, waɗanda farar takardar Haruna ba ta rufe ba. Ta ɗauki hotonsu ta sa a wani zauren intanet na masu tara tsofaffin fayafayai, tana so ta san abin da ubanta ke ji. Kafin yamma mutane sun taso mata daga Japan da Brazil da Sweden. Ashe yaran nan da ba a saurara ba a zamaninsu yanzu suna da mabiya, 'yan kaɗan ne amma masu naci. Sun san sunan kowane makaɗi da garinsu da sana'ar da ya koma, suna gardama a kan bugun farko da na biyu kamar malamai a kan ruwaya. Wani ya ce ya yi shekaru yana neman faifan da Haruna ya raɗa wa Kanikawa Huɗu bai taɓa riƙe shi da hannu ba. Da ta gaya musu kwalayen asali suna ƙarƙashin Bahar Maliya, ɗaya ya rubuto cewa bari ya je ya kwanta don takaici. Masu son saye sun yi ta tayi, ta ce ba na sayarwa ba ne. Wanda ya fi taɓa ni wani dattijo ne daga Italiya, shi ne mai ganga a ɗaya daga fayafayan. Ya ce ko shi ba shi da kwafi, kuma bai taɓa mafarkin wani a ƙasar Larabawa ya zauna ya saurare shi ba. Ya tambayi sunan mutumin.

Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce da wannan zamani. Abin da ya yi kasadar aikinsa da iƙamarsa a kansa, yau ɗan makaranta yana latsa waya ya ji shi a cikin bas. Ina jin da farko haushi zai ji, don shi saboda ba a san su ba yake son su, kuma mutum ne mai kishin abinsa. Zai yi mako guda yana tsaki. Daga nan zai sa a koya masa kwamfuta, ya shiga zauren nan ya hana kowa sakat da gardama. Da ya samu abokai, abin da bai taɓa samu ba, don ni da nake zaune kusa da shi ba abin da nake yi sai tsokana. Abin da na fi tsoron tunaninsa shi ne abin da zai ce da ni. Ya ɓoye kiɗansa ne don ya wuce ƙofar mina, kuma don kada ya ɓata wa uwarsa rai. Bai taɓa neman a yi masa rawani ba, balle a ɗaure 'yarsa da shi.

To me ya rage na Haruna bayan shekara ashirin? Mai wa'azin da muka ƙera yana nan da ƙarfinsa a bakin mutane, kuma na san ko bayan wannan rubutu wasu za su ci gaba da kiransa haka, don ya fi sauƙin yi wa addu'a. Na gaskiyar kuwa saura kaɗan. Akwatuna huɗu a ɗakin 'yarsa, da rubutun hannunsa da ba ta iya karantawa, da abin da ya rage a kaina. Shi ma wannan na tarar ya zaizaye. Na zauna in rubuta halayensa sai na ji maganganun Inna ne ke fitowa, na maimaita su har sun danne nawa. Abin da kuka karanta a nan shi ne iyakar abin da na iya tsamowa, kuma saboda mutum ɗaya na tsamo shi.

Ranar Talatar da aka cika shekara ashirin ɗin, bayan la'asar, ta zo shagon. Ba ta zauna ba, ba ta kuma kira ni Ammi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta ce tambaya ɗaya ce ta kawo ta.

"Da yana raye ranar nan, da zai bar ni in yi waƙa?"

Na ce, "Da shi zai raka ki gidan matar. Da ya zauna a waje yana jiran ki, yana gaya wa duk mai wucewa cewa 'yarsa ce ke rerawa."

Ta ce, "Na sani. So nake in ji ka faɗa da bakinka, ko da ya makara shekara goma sha biyar."

Ta juya ta tafi. Ban san ko za ta dawo ba, kuma ba ni da bakin da zan kira ta. Allah ya jiƙan Haruna ɗan Hajiya, ma'aikacin mina, mai son kiɗa. Ni kuma Allah ya sa 'yarsa ta yafe mini.